DODON BANGO: TARIHIN SILIMAR JAKARA DA MATAN DA BA SU TAƁA SHIGA BA

 Yau tarihi na ɗauko muku, tarihin wani gida da aka gina a unguwar Jakara cikin birnin Kano, dab da kasuwar Kurmi, aka sa masa suna Palace. Gidan silima ne. Na san da yawanku za ku ce, to mu ina ruwanmu da gidan silima, wurin da ko iyayenmu mata ba su taɓa taka ƙafarsu ba? Ai wannan shi ne dalilin da ya sa na ce sai mun yi zancensa. Gida ne da maza suka gina, maza suka yi rigima a kansa, maza suka cika shi shekara da shekaru, amma mata aka ce kada su kuskura ko ƙofarsa su dosa. Ke dai gyara zama ki sha labari.

MAJIGI YA RIGA SILIMA

Kafin hoto mai motsi ya sami gida a ƙasar Hausa, a mota yake yawo. Gwamnatin Turawan mulkin mallaka ce take turo motar, ɗauke da janareta da lasifika da na'urar haska hoto, ta yada zango a ƙofar fadar sarki ko ta hakimi, a ɗaura farin ƙyalle ko a sami farin bango, in duhu ya yi a haska. Shi ne majigi. Sunan ma daga bakin Turawa aka karɓo shi, daga wata tsohuwar fitilarsu ta haska hoto da suke kira fitilar sihiri, harshen Bahaushe ya lanƙwasa kalmar ta koma majigi. Wani Bature ma'aikacin lafiya a Ikko mai suna William Sellers yana cikin waɗanda suka fara wannan aiki tun shekarun 1920, lokacin da annoba ta addabi garin, yana nuna wa mutane yadda ɓera yake yaɗa cuta. A 1939 kuma Ingila ta kafa ma'aikata sukutum don shirya irin waɗannan fina-finai a kai wa ƙasashen da take mulka.

Abin da ake nunawa a majigi duk jan kunne ne na gwamnati: tsabtar rijiya, rigakafi, biyan haraji, noman gyaɗa da auduga, sai labarin Sarkin Ingila da rangadin Gwamna. Ga tafinta riƙe da lasifika yana bayani da Hausa, in ya ga jama'a sun fara hamma ya sako barkwanci. Tsofaffinmu har gobe suna tuna Baban Larai, fim ɗin da aka shirya don koya wa manoma noman auduga. Kyauta ne, a fili ne, kuma a ƙofar sarki ne, don haka ba a ɗauke shi abin kunya ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta ce suna 'yan mata da farantin tallarsu a ka suke tsayawa daga baya-baya su kalla, in an nuno sauro ya cika ƙyallen nan ya kai girman akuya sai su watse da gudu suna salati. Ba mamaki da mutanen da suka sa wa abin suna dodon bango.

SILIMAR KUƊI TA SAUKA A WAJE

Kano ta wancan zamani biyu ce. Akwai birni cikin ganuwa, inda sarki da malamai da alƙalai suke, inda shari'ar Musulunci take aiki ƙarƙashin En'e. Akwai kuma waje. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 waje ya fara cika da baƙi: mutanen kudu a Sabon Gari, Turawa a Nasarawa, sai 'yan kasuwar Labanan da Siriya waɗanda muke kira Kwara, a gefen Fagge. Kantin Kwari da kike aika a sayo miki atamfa daga sunansu ya samo.

To Kwaran nan su suka ga akwai kuɗi a kallo. A 1937 aka buɗe Rex a wajen ganuwa, gidan silima na kuɗi, a biya tikiti a shiga. Katanga ce kawai ta kewaye fili, ba rufi, ga farin bango a gaba, ga kujeru da bencina, ga kuma wurin sayar da giya a gefe. Har dare ma an raba, Turawa da Larabawa da nasu, baƙaƙen fata da nasu. Kin ga ke nan tun ranar da aka haifi silima a Kano, a tsakanin mashaya da gidan rawa da ɗakunan mata masu zaman kansu aka yanke mata cibi. Hausawa kuwa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Malaman birni suna da hujjojinsu. Na ɗaya, hoto ne, kuma hukuncin hoto sananne ne a wurinsu. Na biyu, abin ya yi kama da sihiri, mutum yana tafiya yana magana a jikin bango, ka zagaya baya ba kowa, wani ma an ce ya daɗe da mutuwa amma ga shi yana dariya. Na uku, tunda ba rufi dole sai rana ta faɗi za a haska, wato daidai lokacin magariba da lisha. Na huɗu kuma shi ne babba, duhu ne da cakuɗuwar maza da mata. Daga nan hukunci ya zauna a zukatan mutane ba tare da an rubuta shi a takarda ba: saurayin da aka gani a silima ɗan iska ne, macen da aka gani kuwa, ba sai na faɗi sunan da ake kiranta ba. Saurayi yakan yi aure a manta. Ita kuwa tambarin har jikokinta.

Duk da haka samarin birni suna zuwa. Su yi sallar magariba, su sulale ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai, su dawo cikin dare su haura katanga. Muddin abin yana waje, dattawa suna iya kau da kai su ce can tsakaninsu da Sabon Gari. Sai kwatsam aka ji za a gina silima a cikin birni, a Jakara, da iznin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Tabɗi! Nan fa gari ya ɗauki zafi, a masallaci zancen, a kasuwa zancen, a zaurukan malamai zancen.

GOBARAR EL DUNIYA

Ana cikin wannan taƙaddama sai ga abin da har yau tsofaffin Kano ba sa son tunawa. Ranar Lahadi 13 ga Mayu, 1951, wuta ta tashi a wani gidan silima mai suna El Duniya, shi kuma mai rufi ne. Mutum wajen 600 ne a ciki. Mutum 331 suka rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bari in yi miki bayanin yadda abin yake aiki don ki gane inda wutar ta fito. Fim ɗin wancan zamani wani dogon zare ne mai faɗi kamar ɗan tofi, an jera ƙananan hotuna a jikinsa, an naɗe shi a faifai. Na'ura tana jan zaren ta gaban wata fitila mai tsananin haske da zafi, hoto 24 a cikin daƙiƙa ɗaya, saurin nan ne yake sa ido ya ga kamar motsi ake. Matsalar ita ce sinadarin da ake yin zaren da shi, ana ce masa naitiret, dangin kayan haɗa albarushi ne. In ya kama wuta ba ya jiran iska, ruwa ma da ƙyar yake kashe shi, ga hayaƙi mai guba. Gwamna ya naɗa alƙali Bature ya yi bincike, binciken ya nuna daga faifan fim ɗin da ke ɗakin na'ura wutar ta tashi, ta bi rufi ta mamaye gidan, jama'a kuwa kowa ya nufi ƙofa lokaci guda. Abin takaici, a daidai waɗannan shekarun ne kamfanin Kodak na Amurka yake daina yin irin wannan zare yana komawa wanda ba ya kama wuta haka.

Amma a cikin gari wa yake zancen naitiret? Mutane suka ce fushin Allah ne. Wasu suka ce tun ana ginin gidan masu wucewa suke tsine masa, tsinuwar ce ta ci shi. Aka yaɗa cewa an nuna surar Manzon Allah (SAW) a fim ɗin daren, abin da ba haka ba ne. Aka ce waɗanda suka taɓa gawarwakin sun mutu, gandirobobin da suka taimaka wajen binnewa sun haukace, fursunonin da suka haƙa kaburbura sun kasa cin abinci. Ji-ta-ji-tar ta yi ƙarfin da sai da gwamnati ta riƙa ƙaryata ta a rediyo cikin harsuna huɗu.

Ni dai duk lokacin da na tuna wannan labari, iyaye mata nake tunawa. Da aka ƙirga sai aka ga mafi yawan mamatan samari ne Hausawa, 'ya'yan gida, ba baƙin Sabon Gari ba kamar yadda ake zato. Ki ɗauka ke ce, kin zuba wa ɗanki tuwo kin rufe da faifai, kina zaton yana hira a ƙofar gida ko yana makarantar dare, sai da safe a ce ki aika a duba gawa. Kina kukan ɗa, kina kuma jin 'yan gaisuwa suna raɗa cewa a silima ya mutu. Mutuwa ɗaya, ciwo biyu. Matan nan ba su taɓa ganin bangon silima ba, amma su suka fi kowa biyan kuɗin tikitinta.

PALACE TA BUƊE, DUWATSU SUNA SAUKA

Kowa ya ɗauka gobarar nan ta kashe zancen silimar Jakara. Ina! Ba a daɗe ba aka buɗe Palace. Ranar buɗewa matasa suka fito nuna ƙin amincewa, sai da aka kira 'yan doka suka kama wasu. Bayan nan kuma sai aka koma jifa. Tunda gidan ba rufi, yaro ya tsaya a lungu ya wurga dutse ta saman katanga, ya sauka a kan wanda tsautsayi ya faɗa wa. In an kama su an kai gaban alƙali, sau da yawa sai ya sallame su, don shi ma a zuciyarsa yana tare da su. Har shugaban 'yan sanda Bature ya kai ƙorafi a kan haka.

To amma jifa ba ta hana cika. Wanda aka fasa wa kai yau, gobe ya ɗaure da tsumma ya dawo layin tikiti. A hankali ido ya saba, Palace ta zama ɗaya daga cikin alamomin unguwa, masu tsire da masu shayi da masu rake suka kafa teburansu a ƙofarta, 'yan acaɓan zamanin, wato masu hayar keke, su ma suka samu. Sauran gidaje suka yi ta buɗewa a waje: Plaza, Orion, Eldorado, Queens, Wapa, daga baya Marhaba. Garuruwa irin su Zariya, Kaduna, Jos, Gusau da Katsina kowa da nasa. Abu ɗaya ne bai canza ba, 'yar mutunci ba ta shiga.

ZAMANIN INDIYA

Da farko fina-finan Amurka da na Ingila ake nunawa, na kaboyi da na yaƙi, sai na Misira jefi-jefi. A shekarun 1950 Kwaran da ke shigo da fim suka gwada na Indiya don yana da araha. Wallahi kamar an zuba wa wuta fetur. Bahaushe bai iya Indiyanci ba, amma ya kalli bango ya ga gidansu. Ga mace da mayafi tana sunkuyar da kai gaban surukai. Ga dattijo da rawani da doguwar riga. Ga uba ya ce sai 'yarsa ta auri ɗan mai kuɗi, ita kuwa talaka take so. Ga uwa tana wahala a kan 'ya'yanta, ga mugun mai ba da bashi, ga shanu a titi, ga biki da lalle. Soyayya kuma da kunya ake yin ta, a yi waƙa a zagaya bishiya, ba irin rashin ta-idon Turawa ba. Fim ɗin Mother India na 1957, wanda Nargis ta fito a matsayin uwa, an shafe shekaru da dama ana maimaita shi a Arewa kuma gida yana cika. Sholay na 1975 ma haka. Har sunayen Hausa aka raɗa wa 'yan wasan: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa saboda laushinsa aka ce masa Mace. Yawancin dararen mako na Indiya ne, a ɗan tsakura wa na Cana da na Amurka, washegari ki ga yara a lungu suna tsalle suna ihu wai su Bruce Lee.

To mu mata fa? Mu ta baki muke kallo. Ina ƙarama muna da wani yaya a gidanmu wanda ba ya fashin Indiya. In ya dawo ba ya cewa komai sai washegari da hantsi, in Baba ya fita kasuwa, sai mu kewaye shi a tsakar gida, mu da 'yan matan maƙwabta, ya fara tun daga rubutun farko. Shi ne jarumi, shi ne bos, shi ne mai kuka, har muryar jarumar yake maƙalewa ya yi. Tikiti ɗaya ya saya amma mu goma muka sha kallo. Innarmu tana gefe tana tsince shinkafa, ta ɗaure fuska wai ba ta ji, sai an zo inda kishiya ta yi makirci ka ji ta ce, "Kai, Allah wadaran wannan mata!" Mu kwashe da dariya, ta jefe mu da murfin kwano. 'Yan talla kuma in sun bi ta ƙofar silima sukan saci kallon hotunan da aka manna a allo, su dawo su ƙulla nasu labarin daga hoto uku. Haka fim yake haura katangar kulle ba tare da kowa ya ba shi izni ba. Waƙoƙin ma ba su tsaya a silima ba, makaɗa suka ɗauki karinsu, har masu bandiri suka riƙa ɗora yabon Annabi (SAW) a kan irin wannan kari.

YADDA AJALI YA ZO

Abin da dutse ya kasa, akwati ya yi. An buɗe gidan talabijin a Kaduna a 1962, Kano ta sami nata a shekarun 1970, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a farkon shekarun 1980. Talabijin ta kawo mana su Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero har ɗaki, ta kuma kawo Indiya. An ƙirga fina-finan Indiya da tashar NTA Kano ta nuna daga 1977 zuwa 2003 sun haura dubu. Gidan da yake da akwati ya zama silimar mata, ranar Indiya falo ya cika da maƙwabta, yara a ƙasa, amare a kan gado, tsofaffi a bakin ƙofa suna cewa su ba kallo suke ba. Karo na farko muka ga Sarkin Ƙarfi da idonmu, muka gane ashe yayanmu yana ƙara gishiri.

Sai bidiyo ta biyo baya a shekarun 1980. Shagunan hayar kaset suka buɗe a kowace unguwa, ki ba yaro kuɗi ya karɓo miki, ki kalla lokacin da kika gama aikinki, in jariri ya yi kuka ki tsayar, in waƙa ta yi daɗi ki mayar baya. Maigidan da a da yake fita silima, yanzu yana kishingiɗe a ɗakinsa da fankarsa.

Su kuma gidajen silima al'amura suka yi ta taɓarɓare musu. Dokar 1972 ta mayar da irin wannan sana'a hannun 'yan ƙasa, amma fim ɗin kansa daga waje ake sayo shi da kuɗin waje. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabon fim ya gagara, sai tsofaffin faifai da suka sha jiki, hoto yana zubar da layi kamar ruwan sama, zare yana tsinkewa ana tsakiyar faɗa, 'yan kallo su yi ta fito suna zagin mai na'ura. Benci ya karye ba gyara. 'Yan daba da 'yan sane da masu shan wiwi suka mamaye kujerun gaba, mai mutunci ya janye jikinsa. Sunan da aka sa wa silima tun farko, a ƙarshe ta zame shi sosai. Ɗaya bayan ɗaya fitilu suka mutu, Palace da 'yan uwanta suka zama labari. Wasu gidajen an rushe, wasu sun koma shaguna da rumbunan ajiye kaya. Yau in kika ce Wapa, 'yan canji yaro zai nuna miki.

MATA SUN KARƁI KALLO

Ga inda nake so ki buɗe kunne da kyau. A zamanin silima an yi fina-finan Hausa na faifai, kamar Shehu Umar na 1976 wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma tsadarsu ta sa ba su da yawa, kuma mu ba mu gan su a bango ba. Fim ɗin Hausa bai yi kasuwa ba sai da ya gano inda masu kallo na gaskiya suke, wato cikin ɗakunanmu.

Littafi ne ya share hanya, irin wannan da yake hannunki. Hafsatu Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino suka biyo, kasuwar littattafan soyayya ta buɗe, kuma mata ne suke saye suna ara wa juna har bango ya yage. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Daga nan littattafan da muka karanta suka fara komawa kaset: In Da So Da Ƙauna, Ki Yarda Da Ni, Alhaki Kwikwiyo. Sangaya ya fito a 1999 da waƙa da rawa irin ta Indiya, ya yi cinikin da ya sa kowa ya bi sahunsa, a shekarar ne kuma sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa. Dilolin kaset na Ƙofar Wambai da Bata sun san sarai wa yake ciyar da su. Duba labaran mana: kishiya, uwar miji, auren dole, saki, maraici, rikon ɗan wani. Damuwar wa ke nan? Tamu ce. Da kuɗin cefane da aka rage, da ribar ƙuli-ƙuli da ɗinki da adashi, aka gina masana'antar nan.

Gidajen silimar da suka rage sun ɗan farfaɗo da nuna sababbin fina-finan Hausa, musamman da salla, kafin a sake su a kaset. Amma bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da dokoki masu tsauri a kan gidajen kallo. Tsohuwar rigimar kuwa ba ta mutu ba. A 2016 da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen shirya fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai suka tashi tsaye har aka fasa. Wanda ya san labarin Jakara ya ji kamar an mayar da kaset baya. Ikon Allah kuma, bayan an buɗe katafaren kantin Ado Bayero a 2014 aka sa silima a cikinsa, mai rufi da sanyi, miji ya riƙo matarsa da 'ya'yansa su shiga da rana tsaka ba mai jifansu.

INA DODON YAKE YANZU?

'Yar uwa, dodon ya sauko daga bango. Ya shiga akwati, ya shiga kaset, ya shiga faifan CD, ya hau tauraron ɗan adam da tashoshi irin su Arewa24 da ta fara a 2014, yanzu kuma yana cikin wayar da take ƙarƙashin matashin 'yarki. Indiyan ma an fassara mana shi da Hausa, ba ma buƙatar yaya mai ƙara gishiri. Ki tuna, Palace duk lalacewarta tana da ƙofa, tana da mai karɓar tikiti, tana da lokacin buɗewa da na tashi, in yaro ya je wani zai gan shi ya kawo ƙara. Waya ba ta da ko ɗaya. Iyayen 1951 ba su san inda 'ya'yansu suke ba sai da wuta ta tona. Mu namu suna gabanmu a ɗaki ɗaya, amma mun san inda suke?

Ban ce ki fasa wayar ba, an gwada jifa a Jakara ba ta yi magani ba, abin da aka hana a ƙofa ta taga yake shigowa. Abin da tarihin nan ya nuna min shi ne ƙarfin yana hannunmu fiye da yadda muke zato. Matan da ba a ba su kujera a silima ba su ne suka juya akalar kallo gaba ɗaya, abin da suka saya shi aka shirya, abin da suka ƙi ya kwanta a shago. Har yanzu haka ne, masu shirya fim ƙirga masu kallo suke yi a YouTube. In muka bi na banza, na banza za a ƙaro mana. In muka bi mai ma'ana, dole su gyara.

Don haka ki zauna ki kalla tare da 'ya'yanki. Ki san sunan shirin da suke bi, ki san jarumin da suke so, in an yi abin kirki ki yaba, in an yi na assha ki faɗa a wurin, su ji daga bakinki kafin su ji daga bakin ƙawa. Ke kuma budurwa, ki sani soyayyar bango awa uku ce an tashi, ta gida kuwa da cefane da haƙuri da dangin miji take zuwa, kada ki auna mijinki da Sarkin Ƙarfi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a El Duniya, ya ba iyayensu ladan haƙurin da suka yi, mu kuma ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.